Kujerar da Na Ƙi Zama a Kanta

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Zuwa ga ɗana, mai sunan Baba, a masaukinsa na Yawunde, daga mahaifinsa Garba wanzami, unguwar Hausawa, Garwa. Ina gaishe ka gaisuwar uba. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki da sharrin zuciyarka. Mu nan lafiya lau. Malam Hamadu tela ne ke rubuta mini, na kuma ce masa kada ya gyara mini magana, yadda ta fito haka zai zuba ta.

Saƙonka ya iso. Ka ce an ba ka aikin akawu wajen wakilan ƙasarmu a babban gidan nan na Turai inda ƙasashen duniya ke taro. Ka ce jirgi zai tashi bayan Sallah, in ba ka shiga ba a ba wani. Ka kuma ce ba za ka taka jirgin ba sai na janye rantsuwar da na yi a tsakar gida, gaban uwarka, cewa ɗan da na haifa ba zai ci abincin gidan nan da yardata ba. Na ji. Amsarka tana cikin takardar nan, amma ba a bakin ƙofa take ba. Ka zauna ka bi ta daga kai har wutsiya, kada ka yi mini karatun 'yan makarantar lise, ido a ƙarshe tun ba a fara ba.

Damina biyu bayan shekarar ƙuri'a, wadda mutanen ƙasar Mubi suka wayi gari a Najeriya, mu kuma aka sauke mana tuta zuwa rabin sanda don makoki a nan Garwa, a lokacin ne na je gidan nan da ƙafata. Kana ƙarami, amma ka san na je. Abin da ba ka sani ba shi ne rabin labarin kawai kuke ji a bakina, rabin nan mai ɗaci.

Ka san tushen ɗacin. Tun muna yara, bayan an kori Jamus da igwa daga tudun Garwa, aka ja layi tsakanin Ingilishi da Faransi. Wanzanci ya kawo ni nan tare da Baba, Inna da ƙanena Ilu suka zauna a Mubi. Muka yi ta cewa ranar da Turawa suka naɗe kayansu, da layinsu za su tafi. Suka tafi, layi ya zauna. Yau in zan je kabarin uwar da ta haife ni sai na tsaya gaban yaro mai kaki ya duba mini lesefase, takardar ƙetare iyaka. Aka ce mana gidan ƙasashe ne ya tsaya a kan maganar tun farko har ƙarshe. Ni ban taɓa tsaga fuskar jariri ba sai ubansa na tsaye ya ce ga tsagar gidansu. Su kuwa sun tsaga ƙasa ba uban kowa a wurin.

Marigayi Alhaji Bakari ne ya tafi da ni, lokacin da aka sa shi cikin wakilai. Ni na riƙe wa Baba zabira ranar da aka yi wa Alhajin askin suna, shi ya sa ko da ya girma bai yarda wani hannu ya kai aska maƙogwaronsa ba sai nawa, ga kuma ciwon baya da ba ya jin magani sai ƙaho. Ya ce, "Garba, ka shirya, ba zan miƙa wa Nasara wuyana ba." Na shirya. Shi ya tafi yin magana, ni na tafi neman ɗakin da aka raba mu, da maganganu cike da cikina.

Kuskurena na farko a bakin ƙofa na yi shi. Mai gadi ya ce in buɗe zabira. Ya ga askake, ya ga ƙahoni, ya ɗaga gira, ya ce a bar ta wajensa, in na fito in karɓa. Na rungume ta. Alhaji ya ce, "Garba, nan ba kasuwar Garwa ba ce." Na ce, "Ranka ya daɗe, ko fadar Lamiɗo da ita nake shiga. Zabirar wanzami ba ta zama a hannun wani." Ya dube ni, ya dubi agogonsa, ya shige ya bar ni. Yini guda na yi a kan benci a lambun gidan, sanyi na cin ƙashina, ɗawisu na yawo a gabana suna jan wutsiya kamar 'ya'yan sarki. A nan wani direba mutumin Damagaram, Isufu, ya ji ina tsaki da Hausa, ya matso ya ce, "Kai mutumin Kamaru, tun daga Garwa ka taso don ka yi wa tsuntsaye aski?" Na ce, "Kai kuma da aka bari da mota, ai gara ni, abin da nake gadi nawa ne." Muka yi dariya, muka zama abokai. Washegari na miƙa zabirar. Da na fito na same ta yadda na bar ta, har mai gadin ya naɗe mata igiya da kyau.

To ka ji. Kowane gida da ƙofarsa. Kafin ka tsaya kai da fata a kan abu, ka tambayi kanka: mutuncina nake tsarewa, ko taurin kan da na gada wajen Garba? Sallarka da abin da za ka sa a bakinka, waɗannan ba a barin su wajen mai gadi. Sauran kuwa yawancinsu zabira ne, za ka fito ka tarar da su.

Da na shiga, mai sunan Baba, wallahi na tsaya na saki baki. Abin da ban taɓa faɗa muku ba ke nan. Soro ne wanda in ka tsaya a wannan baki, mutumin da ke wancan baki kamar ɗan tsako. Ƙasa dutse ne mai santsi, wani fari, wani kore, wani ja kamar hanta, kana tafiya kana ganin inuwarka a ƙarƙashinka. Ƙofofin tagulla, tsayinsu ya fi na mutum a kan raƙumi, amma da yatsa ɗaya ake tura su. Tagogi tun daga ƙasa har rufi, ta cikinsu kana hango tafki, bayan tafkin duwatsu sun yi farin rawani. Akwai wani zaure da aka zana mutane a bangonsa da rufinsa, ƙatti, launin ƙasa da ruwan zinariya, wasu na jan igiya, wasu na ɗauke da kaya, a can sama hannayensu sun haɗu wuri guda. Na san malamai ba sa son zanen mutum, na yi a'uzubillahi, amma wuyana ya ƙi saukowa. Ni da na ga jiragen ruwa na Turawa suna hawowa Binuwai da damina, na ɗauka na gama ganin aikin ɗan Adam. Ashe ban fara ba.

Isufu ya zungure ni ya ce, "Rufe bakinka, ƙuda zai shiga. Kai kake mamaki, su masu gidan cewa suke tsohon yayi ne. Tun kafin babban yaƙi aka zuba kayan nan ba a sake ba." Sai na sake dubawa, na ga gaskiyarsa. Labulaye masu nauyi sun koɗe daidai inda rana ke taɓa su. Darduma ta suɗe a tsakiya, hanya ta fito a kanta kamar turbar shanu. Fatar kujeru, koriya ce a da, ta tsattsage kamar ƙafar manomi. Kowane tebur da kaskon tokar taba a manne, tarho baƙi mai nauyi kamar dutsen niƙa, fitilu masu hular gilashi irin waɗanda na gani a gidan kumandan, Baturen mulkin Faransi, tun ina saurayi. Har ɗan ɗakin nan da ke hawa sama da mutane, katako ne a jikinsa, yana nishi in ya tashi kamar tsohon jaki.

A nan na yi kuskure na biyu. Kunya ta kama ni don an gan ni ina mamakin abin da masu shi suka raina. Sai na ɗaure fuska, na ce, "Dama ni ban ga abin kallo ba, zauren Lamiɗo ya fi wannan kwarjini." Ƙarya nake. Zuciyata na yabawa, bakina na taɓewa. Da wannan taɓaɓɓen bakin na dawo Garwa, da shi na yi ta ba da labari a rumfata ina yi wa mutane aski, har na manta cewa aro na yi.

Kada ka ari raini a bakin wani. In ka ga abin mamaki ka yi mamaki, ka ce Subhanallahi da ƙarfi, ko da na kusa da kai na hamma. Wanda ya ji kunyar mamaki, ba da daɗewa ba zai ji kunyar tambaya, daga nan kuma ya gama ƙaruwa. Tsufan kaya kuma ba aibi ba ne. Askar da nake yi wa manya gyaran fuska da ita ta Baba ce, wasawa ta cinye rabinta. Dardumar da ta suɗe, ƙafafu ne suka suɗe ta, mutane sun yi ta zuwa ke nan suna magana maimakon su ɗauki bindiga. A lokacin ban yi wannan tunanin ba, sai yanzu.

Ranar da Alhaji zai yi jawabi aka hau da mu bene, wurin 'yan kallo. Na leƙa ƙasa. Kai ba za ka gane abin da wanzami ya gani ba. Kawunan duniya ne gaba ɗaya a shimfiɗe a gabana: mai sanƙo, mai furfura, mai rawani, mai jar dara, mai gashi kamar gemun masara, mai gashi baƙi sumul kamar an shafa mai. Kowane kai da ɗan abu a kunne, tafintoci na cikin ɗakunan gilashi suna zuba wa kowa magana da harshensa. Aka kira ƙasarmu. Alhaji Bakari, wanda na gani yana tsala ihu a cinyar gwaggonsa ana yi masa askin suna, ya miƙe da babbar riga, da gyaran fuskar da na yi masa da hantsi. Ya buɗe baki, duk kawunan nan suka sunkuya. Ban taɓa ganin kawuna masu yawa haka sun yi shiru saboda mutum ɗaya ba sai a filin Idi. Na ji ruwa a gemuna. Isufu ya ce, "Kuka kake?" Na ce hayaƙin tabarsu ne.

Yanzu ga babban, wanda saboda shi na sa Malam Hamadu ya ajiye ɗinkin Sallah.

Na matsa wa Isufu ya nemo mini ɗakin da aka raba mu, don Faransancina na kasuwa ne, ba ya wuce ciniki. Ya kai ni wajen wani tsohon Bature mai riƙe da makullai, wanda aka ce tun ana gina gidan yake nan. Tsohon ya saurara, ya ce shi bai san inda aka ja layi ba, ba a gidan nan aka ja shi ba. Amma akwai ɗakin da a da ake zama a kan maganar ƙasashe irin namu, ana karanta takardun da masu mulkinmu suka aiko. Na ce duk ɗaya ne, a kai ni.

Na zaci zan ga wuri mai ban tsoro. Ɗaki ne madaidaici, bango na katako mai duhu, yana warin tsohuwar taba da man goge katako. Dogon tebur da koren ƙyalle, ƙyallen ya yi fari-fari daidai inda gwiwar hannu ke sauka. Agogo a bango. Kujeru masu dogon baya. Idon sana'a ya kai ni kan jinginar kujerun, na ga kowacce da baƙin tabo inda ƙeya ke taɓawa, man gashi da gumi na shekara da shekaru. Wani tabon sama, wani ƙasa, wani ya karkace gefe, ka san mai shi gyangyaɗi yake yi bayan ya ci abinci. Na tsaya ina kallo. Duk tsawon shekarun nan aljanu nake zato. Ashe mutane ne masu ƙeya, irin wadda nake riƙewa da hannun hagu kullum.

Tsohon ya tambayi daga ina nake. Isufu ya ce Kamaru. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya yi magana a hankali. Isufu ya juya mini: "Ya ce ya daɗe yana jin sunan ƙasarku a ɗakin nan, yana kawo musu ruwa, amma bai taɓa ganin ɗan ƙasar ya shigo ta ƙofar nan ba sai yau." Sai tsohon ya kama kujera ɗaya ta tsakiyar tebur, ya jawo ta baya, ya nuna mini da tafin hannu.

Ka san abin da ubanka ya yi? Na tuɓe takalmi, na tsuguna a bakin ƙofa.

Isufu ya ce, "Tashi ka zauna mana, kujera ba ta cizo."

Na ce, "Ɗan wanzami ba ya zama inda manya ke zama."

Ya ce, "Waɗanne manya? Sun mutu, Garba. Daga ni sai kai sai wannan tsoho."

Na ce, "Ko sarki ya mutu ba a hawa gadonsa."

Tsohon bai ji me muke cewa ba. Yana nan riƙe da kujerar, yana jira. Da ya ga ba zan tashi ba, ya mayar da ita a hankali. Har yau ina jin ƙarar ƙafafunta. Maganganun da na ɗauko tun daga Garwa, na Inna, na Ilu, na lesefase, ko ɗaya bai fito ba. Wanda ya tsuguna ba ya ganin komai sai ƙafafun tebur, wa zai yi wa magana? Na sa takalmina muka fita, ya kulle.

Na gaya wa kaina ladabi ne, haka aka koya mana, ko a gidan Alhaji a ƙasa nake zama. Amma na yi ta juya abin. Ladabi ana yi wa mai gida ne, mai gidan kuwa shi ya jawo kujerar. Tsoro ne, da wani abu da ya fi tsoro muni: na san in na zauna, ba ni da sauran bakin cewa ba a taɓa ba mu wuri ba. Na fi son ƙorafina da kujerar.

Makon jiya kawunka Ilu ya zo da ragunan Sallah. Ya tarar gidan shiru, uwarka ba ta ce mini komai sai "ga abinci". Da ya ji dalili ya ajiye kofin shayi ya ce, "Yaya, ni aka yanke aka bar wa Najeriya, ban rantse a kan kowa ba. Kai da aka bari a inda kake, kai ne mai rantsuwa?"

Na ce, "Gidan nan ne ya raba ni da kabarin Inna."

Ya ce, "To da wa aka yi zaman? Akwai ɗan gidanmu a ciki?"

Na ce babu.

Ya ce, "Shekara nawa kana cika mana kunne an yi ba mu nan, an yi ba mu nan. Yau an ce ɗanmu ya zo, ka ce ba ya zuwa. To so kake a yi muna nan, ko so kake ka ci gaba da ba da labari a rumfa?"

Uwarka ta ɗago labule ta ce, "Faɗa masa, Ilu, ni bakina ya gaji." Ilu ya ce, "Ke ma da laifinki, ke kika shagwaɓa Yaya da fura." Suka yi ta dariyarsu. Ni ban yi ba. Na shiga ɗaki na zauna, sai ga tsohon nan a idona, riƙe da kujera, yana jira. Na gane an sake jawo ta, na kuma sake tsugunawa, wannan karon har da danne kafaɗar ɗana.

Saboda haka ka riƙe wannan fiye da duk abin da na faɗa. In an jawo maka kujera ka zauna, ka zauna sosai har ƙeyarka ta taɓa jingina, ba zaman ɗosane na mai jiran a kore shi ba. Na san akawu za ka yi, bayan wakili za a sa ka, takarda za ka riƙa miƙawa. Ba komai, a ɗakin dai kake. Amma duk ranar da takardar wata ƙasa ta biyo ta hannunka, ƙasar da ba ka taɓa shan ruwanta ba, ka tuna akwai kabarin uwar wani a cikinta. Ka tambaya ko uban yaron na tsaye kafin a sa aska. In ba ka da ikon hanawa, kana da ikon tambaya. Abin da kunnenka ya ji a wurin aiki kuma ya tsaya a kunnen. Na san asirin rabin gidajen Garwa, ban taɓa kai na wani gidan wani ba, shi ya sa har yau ake miƙa mini wuya.

Ka riƙa rubuto wa uwarka, Malam Hamadu zai karanta mata. Kada ka dawo mini da gashi buzu-buzu irin na samarin yanzu. Ka nemi mai aski ko Nasara ne, ka dubi hannunsa, in ba ya rawa ka ba shi kanka. In ɗakin nan yana nan ba su sake masa kaya ba, ka shiga. In sun sake, kada ka faɗa mini.

Na je wajen liman na faɗa masa rantsuwata. Ya ce wanda ya rantse a kan abu, ya ga waninsa ya fi alheri, sai ya yi mafi alherin ya yi kaffara. Na ce ba wata hanya da ba sai unguwa ta ji ba? Ya yi murmushi ya ce, "Wanzami ba ya son jarfa." Wallahi ya same ni.

To, mai sunan Baba, na janye. Ka shiga jirginka da yardata, duniya da lahira. Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ka daga sanyin ƙasar da zafin kaɗaici, ya sa ka ci halal, ya dawo mana da kai muna raye, in kuma ba mu gana ba ya haɗa mu a inda ba a tambayar takarda. Uwarka na gaishe ka, ta ƙi yarda ta ce tana murna amma tun ɗazu take daka maka yaji. Ilu na gaishe ka. Malam Hamadu ma ya ce in sa gaisuwarsa, ya ce kuma hannunsa ya mutu.

Gobe da safe, in Allah ya kai mu, zan kai takardar nan tasha da kaina in damƙa wa direban Ngaundare, daga can ta wuce Yawunde. In na dawo zan auna dawa, uwarka ta tuƙa tuwo, in kira miskinai goma. Ba a zaure zan ciyar da su ba. A ƙofar gida zan shimfiɗa tabarma, tunda unguwa duk ta ji lokacin da na ɗaga murya na rantse. Ni zan zuba musu ruwan wanke hannu, duk wanda ya wuce ya tambaya kuma zan gaya masa: Garba ne ya yi rantsuwar banza, ɗansa kuwa ya tafi.